Na Ɗaura wa Gidanmu Ƙararrawa: Tsokaci Kan Tsaro, Tawakkali da Haƙƙin Baƙo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, yau zan ɗan kauce daga irin darussan da muka saba, in kawo wa mai karatu wani al'amari da ya faru a gidanmu da ke Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Ɓaɓura ta jihar Jigawa. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, domin a zahirinsa maganar batir ce da maganaɗisu da layin waya. Amma da na zauna na yi nazari, sai na ga cewa ya tilasta mini amsa wasu tambayoyi da ban taɓa zaton ƙaramar na'ura za ta jefo mini su ba. Ga yadda abin ya kasance.

Mafarin al'amari

Ni ma'aikaci ne a Kano, ba na zuwa gida sai ƙarshen mako. A gidan akwai mahaifiyata, da matar ƙanena da 'ya'yanta ƙanana, shi kuwa ƙanen nawa direba ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Shekara biyu da suka wuce, ana saura kwana goma Babbar Sallah, aka shiga gidan da dare aka kwance raguna biyu da Inna ta yi wata bakwai tana kiwo. Ɗaya na layyarta ne, ɗayan kuma ta yi niyyar sayarwa ta yi wa jikokinta ɗinki. Babu wanda ya ji motsi. Da asuba ta fito alwala ta tarar da turaku biyu da guntayen igiya.

Asarar dukiya ba ta dame ni ba kamar yadda halin da Inna ta shiga ya dame ni. Daga ranar ta daina barci. Ko ɓera ya taɓa kwano sai ta tashi zaune tana salati. Tsohuwar da ta haura shekara saba'in ta koma gadin awaki uku da suka rage mata, tana kwana da tocila a hannu. Duk wanda ya san garinmu ya san dalilin fargabarta. Titin da ya taso daga Kunya ya ratsa ta Kanya, ya wuce Ɓaɓura har Babban Mutum, ga kuma iyakar Nijar kusa. Dabbar da aka kwance da ƙarfe biyun dare, kafin gari ya waye ta yi nisan da ba a bin sawunta. Ranar Alhamis mun je har kasuwar dabbobi ta Maigatari muna leƙen raguna, muka dawo da gajiya kawai.

A wannan hali ne wani abokin aikina ya ba ni labarin ƙararrawar tsaro marar waya, wadda mutum zai iya ɗaura wa gidansa da kansa ba tare da ya kira injiniya ba. Na shiga kasuwa a Kano na sayo, abin da na kashe bai kai rabin kuɗin rago ɗaya daga cikin waɗanda aka sace ba.

Yadda abin yake aiki

Bari in yi wa mai karatu bayani dalla-dalla, domin na lura da yawa daga cikinmu muna jin tsoron irin waɗannan kaya ne saboda rashin sanin sauƙinsu. A cikin kwalin akwai abubuwa iri biyar.

Na farko ita ce uwar na'ura, faɗinta bai wuce na ƙaramin littafi ba. Ana saka mata layin waya kamar yadda ake saka wa salula. Ita ke karɓar rahoto daga sauran, idan ta ji abin da bai dace ba sai ta kunna jiniya, ta aika saƙon tes, sannan ta shiga kiran lambobin da aka adana mata ɗaya bayan ɗaya har sai wani ya ɗauka.

Na biyu shi ne maganaɗisun ƙofa. Gida biyu ne: ɗaya a manna a jikin ƙyaure, ɗaya a jikin dogarin ƙofa, su yi kusa da juna kamar faɗin ɗan yatsa. A cikin ɗayan akwai mayen ƙarfe, a cikin ɗayan kuma akwai siraran ƙarafa biyu a cikin 'yar kwalba, waɗanda mayen ƙarfen ke riƙe da su a haɗe. Da zarar an buɗe ƙofa, mayen ƙarfen ya yi nisa, sai ƙarafan su rabu, na'urar ta aika rahoto ta iska. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya yi rajistar ƙararrawar lantarki da ke kaɗawa idan an buɗe ƙofa ko taga, daga baya wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi haƙƙin ƙirƙirar a 1857 ya mayar da ita sana'a. Abin da zamani ya ƙara shi ne cire wayoyin da ke bin bango.

Na uku shi ne mai jin motsi. Mutane na zaton kyamara ce, alhali ba ya ɗaukar hoto ko kaɗan. Jikin ɗan Adam da na dabba suna fitar da wani irin hasken zafi da ido ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a shekarar 1800. Farar robar da ke fuskar na'urar tana raba filin da ke gabanta kashi-kashi, idan jiki mai ɗumi ya ƙetara daga wani kashi zuwa wani, sai ta ji canjin ta kai rahoto. Saboda haka ta fi saurin kama wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya miƙo kai tsaye zuwa gare ta. Akan ɗaura ta a bango kimanin mita 2 daga ƙasa, kuma ganinta kan kai kimanin mita 10.

Na huɗu ita ce jiniya, na biyar kuma ɗan rimot da ake kunnawa da kashewa da shi. Duk waɗannan suna magana da uwar na'ura ta siginar rediyo, mafi yawan masu araha a kan mita 433 megahaz. Aikin ɗaurawa bai ci mini fiye da yini guda ba, da sukundireba da kusoshi da gam.

Abin da takardar kamfani ba ta faɗa ba

Sai dai kuma waɗanda suka ƙera waɗannan kaya ba da gidan Bahaushe a ransu suka ƙera su ba. Gidan da suke tunani rufaffe ne, ƙofa ɗaya ko biyu, babu akuya a tsakar gida, wutar lantarki kuma ba ta ɗaukewa. Namu gidan kuwa rabinsa sarari ne. Ga kaɗan daga abin da na koya da gumi, ko wani zai amfana.

Wuta ita ce matsala ta farko. Batirin da ke cikin uwar na'ura na 'yan sa'o'i ne, an yi shi ne don ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci. Tun zamanin NEPA har zuwa bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, mutumin karkara bai taɓa dogara da ita ba. Don haka na haɗa wa na'urar ƙaramin farantin sola da batir mai bolt 12. Wanda bai yi wannan tanadi ba, ya sani cewa ƙararrawarsa za ta riga shi yin barci.

Na biyu, katanga. Nisan da aka rubuta a kwali nisan fili ne fetal. Ginin ƙasa mai kauri yana cin sigina, ƙyauren ƙarfe da rufin kwano su ma haka. Maganaɗisun da na fara mannawa a ƙofar ƙarfe ta garke bai yi aiki ba sai da na sa ɗan katako tsakaninsa da ƙarfen. Ƙyauren katako kuwa yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, tazarar da ke tsakanin gida biyun ta canza, sai ka ji jiniya ba gaira ba dalili. Shawarata ita ce kada a buga kusa ko ɗaya sai an gwada kowace na'ura a daidai wurin da za ta zauna, wani na tsaye kusa da uwar yana sauraro.

Na uku, dabbobi da yanayi. Mai jin motsi ba ya bambanta ɓarawo da bunsuru. Daren farko kyanwa ce ta tashi rabin unguwa. Na gane cewa bai dace da tsakar gida ba, wurinsa cikin rufaffen ɗaki ne, irin shago ko ɗakin ajiyar hatsi, kuma kada ya fuskanci murhu ko tagar da rana ke shigowa. Sannan a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki namu, bango kan kwana da ɗumi, bambanci tsakanin zafin jikin mutum da na wurin ya ragu, sai ganin na'urar ya yi rauni. Da hunturu kuma ƙura ke rufe mata fuska, sai an riƙa gogewa da tsumma.

Na huɗu, layin waya. Tun daga watan Disamba na 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka layin na'urar ma sai an yi masa rajista. Layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, kuma in babu kuɗi a ciki ba zai kira kowa ba. Na mayar da shi al'ada, ranar Juma'ar farko ta kowane wata in sa a kaɗa ƙararrawar da rana don gwaji. Kada kuma mu manta da abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. Katsina maƙwabciyarmu ce, Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk sun yi iyaka da ita. Darasin shi ne kiran waya na iya yankewa a ranar da aka fi bukatarsa, jiniyar da ke kan katanga ita ce abin da zai rage.

Hujjar Kawu

Ina kan tsani ina ɗaura jiniya sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, dattijo mai karatu wanda na yi allo a gabansa. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan kuma mene ne?" Na sauko na durƙusa na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, yanzu ƙarfe ne zai tsare gidan ƙanwata? Mu da muka taso, addu'ar kwanciya barci muka sani. Abin da Allah Ya rubuta za a ɗauka, ko ka kewaye gida da wuta sai an ɗauka."

Na ce, "Allah Ya ƙara maka lafiya, Kawu, gaskiya ne. Amma ai kai ma kana sa kwaɗo a ƙofar rumbunka." Ya yi murmushi ya ce, "Kwaɗo daban, wannan daban." Ban ja da shi ba, domin ba a haka aka rene mu ba. Amma maganarsa ta zauna mini a rai, kuma ina ganin ta cancanci amsa ta adalci, don mutane da yawa na da irin wannan tunani ko da ba su furta ba.

Abin da na fahimta daga malamanmu shi ne riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. A shekara ta 5 bayan hijira, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, an karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba, kuma babu wanda ya ce baƙuwar dabara ce don haka a bar ta. Annabi Yaƙub (AS) ya shawarci 'ya'yansa su shiga birni ta ƙofofi daban-daban, tare da sanar da su cewa hakan ba zai tunkuɗe hukuncin Allah ba. Ko a fiƙihu, malamai sun sanya sharaɗin cewa ba a zartar da haddin sata sai an ɗauke kaya daga ma'ajiyar da ta dace da irinsu. Wato shari'a da kanta ta ɗora wa mai kaya nauyin killace kayansa.

Kakanninmu ma haka suka fahimta. Tarihi ya nuna an fara ginin ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka ci gaba da faɗaɗa ta a zamanin sarakunan Musulunci da suka biyo baya, kowace ƙofa da sarkinta mai rufe ta da dare. A ƙauye kuwa, wanda ya yi kiwon zabi ya san ba ƙwai da nama kaɗai yake samu ba, baƙon motsi kaɗan sai su cika gida da kuka. Ƙararrawata zabuwa ce da ba ta cin dawa.

Duk da haka, akwai gaskiya a cikin maganar Kawu wadda ban gane ba sai daga baya. Makonnin farko na riƙa kwana a Kano da waya a ƙarƙashin matashi, ina farkawa ina dubawa. Wata rana na lura cewa na fi mako ban yi wa gidan addu'a ba, domin zuciyata ta natsu da cewa akwai na'ura. A nan ne haɗarin yake. Sababi aikin gaɓoɓi ne, dogaro kuma aikin zuciya ne, kuma zuciya na da saurin zamewa ta jingina da abin da ido ke gani. Kawu bai yi daidai ba da ya ga kamar a bar igiya, amma ya hango ramin da ni na kusa faɗawa.

Daren da jiniya ta yi kuka

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin watan Agusta na shekarar, wani dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina gida a daren. Wajen ƙarfe ɗaya jiniya ta ɗauka. Na duba uwar na'ura, ta nuna zaure, inda na ɗaura mai jin motsi saboda babur ɗin ƙanena da ke kwana a ciki. Kafin in lalubi takalmi, na ji ihun "ɓarawo! ɓarawo!" daga waje. Samarin unguwa, waɗanda satar ragunan ba ta bar zukatansu ba, sun fito da sanduna da gora.

Da na iso zauren na tarar sun ritsa wani mutum a lungu, jikinsa sharkaf, yana rawar ɗari, ya ɗaga hannu yana rantsuwa. Wani ya riga ya sauke masa sanda a kafaɗa. Allah Ya taimaka maƙwabcinmu, wani dattijo mai faɗa a ji, ya shiga tsakani ya ce, "Kada wanda ya ƙara taɓa shi! Bawan Allah, daga ina?" Ashe matafiyi ne, ɗan ci-rani da ke komawa garinsu ta wajen iyaka, motar da ya shiga ta lalace a bakin titi, ruwa ya kore shi, ya ga zaure ya tura ƙyaure ya fake. A cikin buhunsa babu komai sai tufafi da 'yar rediyo da takalman yara guda biyu da ya sayo tsaraba.

Ya kai ɗan uwa mai karatu, ka tsaya ka yi tunani. Mutumin nan bai yi wani abu da ya saɓa wa al'adarmu ba. Zaure a ƙasar Hausa tun asali wurin baƙo ne. A nan almajiri ke kwana, a nan matafiyi ke sauke kaya, a nan ake kai wa wanda ba a san sunansa ba ƙwaryar tuwo. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa kulle zaurensa ba. Ni ne na zo na ɗaura wa wurin baƙo na'urar da ke kiran duk wanda ya shigo ɓarawo. Da dattijon nan ya makara da minti biyar, da wataƙila yau ina ɗauke da alhakin rai saboda babur.

Kada wani ya ce na kambama abin. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare wasu mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa Kano, aka kira su masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Duk mun yi kuka, mun yi Allah wadai, kuma mun yi gaskiya. To amma abin da ya kashe su shi ne zato da ihu da taron da babu mai tsawatar masa, kuma waɗannan ba su da ƙabila. Na ga ƙanƙanin irinsu a zauren gidanmu, a hannun yaran da na san iyayensu.

Inna ce ta ɗumama wa baƙon kunu, ta ba shi zanen rufa. Da safe na nemi gafararsa, na kai shi kemis aka duba kafaɗar, ya ce ya yafe. Har yau ban daina jin nauyin abin ba.

Matsayina

Bayan wannan dare na yi tunanin cire komai in jefa a rijiya. Ban yi ba, kuma ga ra'ayin da na tsaya a kai.

Ina ganin ya dace duk mai hali ya ɗaura irin wannan ƙararrawa, musamman gidan da tsofaffi da mata da yara ke kwana su kaɗai, da masu shago, da masu kiwo. Amma ya sani cewa na'urar ba ta kama ɓarawo, ihu kawai take yi. Amfaninta ko cutarwarta na hannun waɗanda za su amsa ihun. Saboda haka aikin farko ba a kan tsani yake ba, a kan tabarmar mai unguwa yake. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa wani dare mutanen Madina sun ji wata ƙara sun firgita, da suka fito sai suka haɗu da Manzon Allah (SAW) yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha ba sirdi, ya riga su zuwa ya bincika, yana kwantar musu da hankali. Tsarin ke nan: babba ya fara isa, a bincika, a kwantar da hankalin jama'a.

Abin da muka yi a unguwarmu shi ne muka zauna bayan sallar Isha'i, da mai unguwa da liman da shugaban 'yan sintiri. Muka amince cewa idan jiniya ta yi kuka, dattawa uku da aka ambata su ne za su fara shiga, samari su tsaya a bakin lungu da fitilu. Duk wanda aka kama, ko da kaya a hannunsa, ba a dukansa, a tsare shi a miƙa wa 'yan sanda. Lambobin da na adana a na'urar na sake jera su: maƙwabcin da ke jikin katangarmu shi ne na farko, sai shugaban 'yan sintiri, ni da ke Kano na koma na ƙarshe, domin me zan iya yi daga nisan nan in ban da tayar da hankali?

Na cire mai jin motsi daga zaure. Babur ya koma cikin gida, maganaɗisu ya koma ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, da ƙofar garke, da ɗakin hatsi. Zaure ya koma hannun baƙi kamar yadda mahaifina ya bar shi, har na sa tabarma da buta. Na kuma sa wa ƙofar ciki jinkirin daƙiƙa 30 kafin jiniya ta tashi, don mai fita masallaci da asuba ya samu damar kashewa. Jiniyar kanta na rage tsawon kukanta zuwa minti biyu. Maƙwabci yana da haƙƙin barci, kuma ƙararrawar da ke ƙarya kullum, ranar da ta faɗi gaskiya babu mai fitowa.

Wasu sun ba ni shawarar in ƙara da kyamara. Na ƙi, a yanzu dai. Katangunmu gajeru ne, kyamarar da aka ɗaga sama don ta ga lungu za ta ga tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa ke harkokinsu ba lulluɓi. Addinin da ya hana leƙen gidan mutane, ya wajabta sallama kafin shiga, ba zai halatta mini leƙe ba don kawai na'ura ce ke yi a madadina. Wanda ya ga lallai sai ya sa, to ya karkatar da ita ga ƙofarsa kaɗai, ya kuma kira maƙwabcin ya nuna masa iyakar abin da take ɗauka.

Dole kuma in faɗi iyakar abin. Wannan ƙararrawa maganin ɓarawon akuya ce da mai fasa shago, wanda ke tsoron a gan shi. Ba maganin 'yan bindiga ba ce. A inda masu manyan makamai ke shiga gari, jiniya na iya jawo maƙwabta su fito su tari harsashi da sanda, gara a saita na'urar ta yi kira a ɓoye ba tare da ƙara ba. Tsaron rayuka daga irin waɗannan nauyi ne da ke wuyan hukuma, kuma kada araha da sauƙin waɗannan kaya su sa mu sauke mata shi. Haka nan ba ta maganin ɓarawon gida, wanda ya san inda rimot yake kwana. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Lambar sirri ba abin faɗa wa kowa ba ce, uwar na'ura kuma a ɓoye ta a ɗaki, kada a rataye ta a bakin ƙofa inda za a fizge ta da hannu ɗaya.

Sannan akwai tambayar da jiniya ba za ta amsa ba: me ya sa yaron da aka haifa a unguwa zai haura katangar tsohuwa ya kwance mata rago? Ba ina wanke ɓarawo ba ne, sata haramun ce ko da yunwa ko ba yunwa a mafi yawan abin da muke gani. Amma garin da matasansa ke yini a bakin titi ba sana'a, ga ƙwaya na yawo, ga zakkar hatsi ba ta isa ga masu ita, to ko kowane gida ya ɗaura jiniya, kuka kawai za a riƙa yi a sauya gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaya daga cikin samarin da suka ɗaga sanda a daren nan, yanzu shi ke ɗaura wa mutane irin wannan ƙararrawa da sola a ƙauyukan da ke kewaye da mu, yana samun na abinci. Na fi jin daɗin wannan a kan duk abin da na'urar ta tsare.

Rufewa

Inna ta koma barcinta. Ta sayi wasu raguna biyu, tana kiran ƙararrawar "mai gadin bango". Kawu kuwa, kwanakin baya ya aiko jikansa ya ce in na zo gida in leƙa, yana son a duba masa ƙofar rumbu. Da na je na ɗaura masa, ya tsaya a kaina har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, ka yi naka. Saura ka riƙa karanta abin da na koya maka kafin ka kwanta." Na ce, "In sha Allahu, Kawu."

Wanda ke da tambaya kan yadda ake saita na'urar, ko yake da wata gogewa da ta saɓa wa tawa, ƙofa a buɗe take, ni ma ɗalibi ne. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma nawa ne. Allah Ya tsare mana rayukanmu da dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya kare mu daga zaluntar wani ko a zalunce mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.